Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Fastoci da Dattawan Ikkilisiya Kafin Kirsimeti

Iyayena fastoci, dattawan ikkilisiya, shugabannin mawaƙa, da dukan waɗanda aka ɗora wa nauyin shirya sujadar Kirsimeti,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da garken da aka ba ku kiwo. Ni ba fasto ba ne, ban kuma taɓa zama a ajin makarantar tauhidi ba. Iyakar abin da nake da shi shi ne shekarun da na shafe a kujerar masu sauraro, da ɗan karatun da na yi a dararen da barci ya ƙaurace wa idanuna. Na san girmanku, na kuma san wahalar da kuke sha a wannan wata, amma tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ina roƙon ku ku ba ni aron kunnuwanku kafin ku rufe tsarin sujadar bana.

Shekaru uku ke nan da matata ta rasu, saura kwana 19 Kirsimeti, bayan jinyar wata biyar. Da ranar ta zo ban yi niyyar fita ba, sai dai yaran sun riga sun yi wanka sun sa kayansu suna jira na a bakin ƙofa, ban kuwa da ƙarfin zuciyar da zan hana su. Mun tarar da majami'a ta cika maƙil, an yi mata ado, mawaƙa kuma sun yi shiri na gaske. Bayan waƙar buɗewa sai mai jagorar sujada ya ce kowa ya tashi ya juya ga na kusa da shi ya yi masa murmushi, domin yau ba ranar ɓata rai ba ce, duk wanda ya zo da damuwa ya koma ya ajiye ta a bakin ƙofa. Jama'a suka yi dariya, aka yi ta musabaha. Na dubi 'yata, wadda a lokacin shekarunta 9, na ga tana ƙoƙarin buɗe baki ta yi abin da aka umarta alhali hawaye na gangarowa har haɓarta. Ba ta ce komai ba sai da muka kama hanyar gida, sannan ta ja hannuna ta ce, "Baba, Yesu zai yi fushi da ni don na yi kuka ranar haihuwarsa?"

Ban riƙe wancan bawan Allah a zuciya ba, domin na tabbata da kyakkyawar niyya ya yi maganar, ni ma kuma na sha tafa wa irinta a shekarun da gidana yake cike. Abin da ya dame ni shi ne yarinyar ta fahimci abin da aka faɗa daidai. An nuna mata cewa a ranar Kirsimeti gidan Allah na masu fara'a ne, mai baƙin ciki kuwa baƙo ne da ake haƙuri da shi muddin ya iya ɓoye halinsa. Na kuma san ba mu kaɗai ba ne a wurin. A kowace majami'a da za ta buɗe ƙofa a wannan rana akwai wanda ya binne nasa cikin shekarar, akwai wadda likita ya gaya wa abin da ba ta faɗa wa kowa ba tukuna, akwai wanda aikinsa ya kuɓuce, da wanda rikici ya raba da gidansa, da iyayen da ba su san inda ɗansu yake ba. Waɗannan mutane ba su da inda za su ajiye damuwarsu a bakin ƙofa, domin a cikin jikinsu take.

Tambayar yarinyar ce ta sa na koma na karanta labarin haihuwar Almasihu a hankali, kamar wanda bai taɓa jin sa ba, sai na ga ashe mun daɗe muna wanke shi har ya rasa kamanninsa. Luka ya fara da umarnin Kaisar Augustas na ƙidaya, wato ikon wata daula ta waje da ke lissafa mutanen da ta mallake domin haraji. Wannan umarni ne ya tayar da Yusufu da Maryamu daga Nazarat zuwa Baitalami, tafiyar fiye da kilomita 100, ga ta da tsohon ciki. Da naƙuda ta zo ba su sami ɗaki a masauki ba, aka kwantar da jaririn a komin dabbobi. Mu da muke kallon komin a wasan yaran makarantar Lahadi, an shimfiɗa masa farin zane mai tsabta, mun manta cewa babu uwar da za ta zaɓi irin wannan wuri in tana da wani. Da kwana 40 suka cika suka kai shi Haikali, hadayar da Luka ya ambata kuwa ita ce kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru biyu, wadda Littafin Firistoci 12:8 ya keɓe wa macen da ba ta da halin ɗan rago. A wannan ranar ce kuma tsoho Saminu, bayan ya rungumi yaron ya yabi Allah, ya juya ga Maryamu ya gaya mata cewa takobi zai soki ranta. Albarka da takobi a baki ɗaya suka fito, a sa'a ɗaya, Luka kuma bai ga dalilin raba su ba.

Abin da Matiyu ya rubuta ya fi wannan nauyi. A sura ta 2 muna karanta zuwan masana taurari da kyautansu, yawancinmu kuma a aya ta 12 muke rufe littafin, domin abin da ya biyo baya ba ya tafiya da ado da kiɗa. Mala'ika ya tashi Yusufu da dare, suka ɗauki yaron suka gudu Masar, wato Mai Ceton duniya ya fara rayuwarsa ne a matsayin ɗan gudun hijira. Hirudus kuwa, wanda tarihi ya shaida cewa ya kashe matarsa da 'ya'yansa uku saboda tsoron kada a ƙwace masa sarauta, ya aika aka karkashe 'yan yara maza na Baitalami da kewayenta, daga mai shekara biyu zuwa ƙasa. A nan Matiyu ya ɗauko maganar Irmiya 31:15, inda aka ji murya a Rama, Rahila tana kuka saboda 'ya'yanta, ta kuma ƙi yarda a ta'azantar da ita domin ba su. Ku lura, iyayena, marubucin bai tsawata mata ba, bai kuma yi gaggawar rufe mata baki da albishir ba. Ya bar kukanta a tsakiyar labarin Kirsimeti, tsakanin zinariyar masana da komowa Nazarat. Gaskiya ne cewa a littafin Irmiya, ayoyi biyu bayan haka, Ubangiji ya ce akwai bege domin gaba, amma sai da aka fara jin kukan kafin a yi maganar begen, kuma wannan jerin yana da ma'ana.

Magabatan ikkilisiya sun fi mu gane wannan. Tsohuwar shaidar da ake da ita ta yin bikin a ranar 25 ga Disamba ta fito ne daga Roma, daga shekara ta 336, shekaru kaɗan bayan tsanani mafi zafi da masu bi suka sha a hannun daular, lokacin da mutanen da suka ga abin da idonsu suna nan da rai. A kalandar da ikkilisiyoyin Yamma suka gada, washegarin Kirsimeti, 26 ga wata, ranar tunawa da Istifanas ce, wanda aka jejjefe shi har ya mutu, ranar 28 kuma ta yaran Baitalami ce. Waɗanda suka tsara haka sun so mai bi ya fito daga wurin komin ya yi karo da duwatsun jifa kafin ɗanɗanon bikin ya bar bakinsa. Duniya ma ba ta taɓa ɗaga wa bikin ƙafa ba. Ranar Lahadi 26 ga Disamba 2004 ce girgizar ƙasa ta tayar da igiyar ruwa a Tekun Indiya, ta hallaka mutum fiye da 200,000 a ƙasashe da dama, a daidai lokacin da fastoci a ko'ina suke riƙe da wa'azin murna da suka shirya. Wanda duk abin da ya tanada shi ne "a yi murmushi" bai sami abin faɗa ba a wannan mako.

Ina ganin tushen matsalar shi ne mun gauraya bege da kyakkyawan fata har ba ma iya rarrabe su. Kyakkyawan fata shi ne ka ce wa mutum komai nisan dare gari zai waye, ko bayan wuya sai daɗi. Maganganu ne masu kyau, sau da yawa kuma gaskiya ne, sai dai duk wanda ya yi jinya ya san akwai daren da mai ciwo ba ya ganin wayewarsa. Idan abin da muke kira bege ya tsaya a kan cewa shekara mai zuwa za ta fi wannan, to duk shekarar da ta zo da mugun labari ta ƙaryata mu. Bulus ya rubuta wa Romawa a sura ta 8 cewa begen da ake gani da ido ba bege ba ne, a wannan surar kuma ya ce dukan halitta tana nishi kamar mai naƙuda, mu ma muna nishi, Ruhu kansa kuma yana roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa da baki. Da ya rubuta wa Tasalonikawa game da waɗanda suka yi barci, bai hana su baƙin ciki ba, abin da ya ce shi ne kada baƙin cikinsu ya zama irin na waɗanda ba su da bege. Tsakanin waɗannan biyu akwai rata mai faɗi, a cikin ratar kuma mutane irina suke rayuwa. Yesu da kansa ya tsaya a bakin kabarin Li'azaru, yana sane sarai da abin da zai yi nan da ɗan lokaci, duk da haka ya yi hawaye.

Ayoyin Ishaya da mawaƙanmu suke rerawa kowace shekara ma daga cikin tashin hankali suka fito. Sunan Immanuwel, wato Allah yana tare da mu, an fara faɗar sa ne ga sarki Ahaz a lokacin da sarakuna biyu suka haɗa kai za su auka wa Urushalima, zuciyarsa da ta jama'arsa kuma tana kaɗawa kamar itatuwa a gaban iska. Mutanen da sura ta 9 ta ce suna tafiya cikin duhu sun ga babban haske, mutanen ƙasar Zabaluna da Naftali ne, yankin arewa da rundunar Assuriya ta fara tattakewa, ta kwashe mazaunan Naftali zuwa bauta. Annabin bai ce musu duhun ba shi da yawa ba. Ya amince da duhun, sannan ya ce za a haifi yaro. Abin da Kirsimeti ya ƙara a kan wannan shi ne Allah bai aiko da bayani daga nesa ba, ya zo da kansa ya ɗauki jiki mai jin yunwa da gajiya da zafin ƙusa, ya shiga kabari, ya kuma fito. Da wannan ne kaɗai na iya tsayawa a kan ƙafafuna a makabarta, domin wanda nake dogara gare shi ya san hanyar ciki da ta fita.

A cikin karatun da na yi a waɗancan darare na haɗu da Dietrich Bonhoeffer, faston nan na Jamus da gwamnatin Hitler ta kama a watan Afrilu 1943, aka tsare shi a kurkukun Tegel da ke Berlin. Gab da Kirsimetinsa na farko a tsare ya rubuta wa abokinsa cewa ɗakin kurkuku yana kama da makonnin jira da ke gaban bikin, domin mutum yana jira, yana sa zuciya, yana ɗan yin wannan da wancan, amma ƙofar a kulle take kuma daga waje kaɗai ake iya buɗe ta. Ba a sake shi ba, an rataye shi a sansanin Flossenbürg ranar 9 ga Afrilu 1945, saura makonni kaɗan yaƙin ya ƙare a Turai. In da begensa shi ne za a buɗe masa ƙofar Tegel ya koma gida, da sai mu ce ya yi hasara. Na kawo shi ne domin misalin ƙofar ya bayyana abin da mai makoki yake ji fiye da duk wa'azin da na saurara a wancan lokaci: ba ka da mabuɗi a hannunka, umartar ka da ka yi murna kuwa daidai yake da umartar ɗaurarre ya buɗe wa kansa.

Wannan ya kawo ni ga maganganun da muke yi wa masu shan wuya, a mimbari da kuma a gidajensu. Magana zarar bunu ce, kuma akwai waɗanda aka yi mini da har yau suna nan daram a kunnena. An ce mini Allah ya fi ni son ta, an ce in daina kuka kada in raunana bangaskiyar yara, wani ma ya tambaye ni cikin raɗa ko mun bincika babu wani zunubi da ba a furta ba a gidan. Abokan Ayuba uku sun yi abu mafi kyau a rayuwarsu lokacin da suka zauna a ƙasa tare da shi kwana bakwai, dare da rana, ba wanda ya ce uffan, domin sun ga azabarsa ta yi yawa. Ɓarnar ta fara ne da suka buɗe baki suna neman su kare Allah da bayanai, a ƙarshen littafin kuwa su ne Ubangiji ya yi fushi da su, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar bawansa Ayuba, wanda ya yi ta kuka da gardama. Ina roƙon ku ku koya wa dattawa da masu ziyara cewa ba dole ne su zo da amsa ba. Shugabannin mawaƙa kuma su tuna cewa a cikin zabura 150 akwai masu yawa na kuka, har da ta 88 wadda ta ƙare da duhu ba tare da ko aya ɗaya ta sauƙi ba, kuma an rubuta a kanta cewa domin shugaban mawaƙa ce, wato an yi ta ne don a rera a gaban jama'a.

Haka nan lokacin ba da shaida na ƙarshen shekara yana bukatar ku sake dubansa. Daidai ne wanda ya warke da wanda ya sami aiki da wadda ta haihu su tashi su gode wa Allah, ni ma ina taya su murna da zuciya ɗaya. Amma idan shekara da shekaru irin wannan shaidar kaɗai ake ji, jama'a za su koyi cewa alamar tagomashin Allah ita ce biyan bukata, wanda addu'arsa ba ta sami amsar da ya nema ba kuwa sai ya sunkuyar da kai kamar mai laifi. Ban taɓa jin an ba da dama ga wanda zai tashi ya ce, "Na roƙa, ba a ba ni ba, ga ni kuma har yanzu ina nan." A ganina wannan shaidar ta fi sauran nauyi, domin ita ce irin ta Bulus da ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya daga jikinsa, aka ce masa alheri ya ishe shi.

Game da shelar bishara kuwa, na san wannan ne lokacin da ikkilisiyoyi suke fita wa'azi, suke gayyatar maƙwabta, suke rarraba takardu, ban kuma zo in hana ba. Ayar da aka fi karantawa a kan wannan ita ce 1 Bitrus 3:15, wadda ta ce mu zauna a shirye mu amsa wa duk wanda ya tambaye mu dalilin begen da ke cikinmu, cikin tawali'u da ladabi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne an aika wasiƙar ne ga masu bi da ke warwatse a Fantas da Galatiya da Kafadokiya da Asiya da Bitiniya, mutanen da ake zagi ana tsangwama, kuma ayar da ta gabace ta tana maganar shan wuya ne saboda adalci. Bitrus ya ɗauka cewa wani ne zai fara tambaya. Ba wanda yake tambayar mai ƙoshi dalilin fara'arsa, domin dalilin a fili yake. Sai an ga bege a inda bai kamata a same shi ba tambayar take tasowa, kamar yadda mai tsaron kurkukun Filibi ya yi tasa tambayar a daren da Bulus da Sila suka yi ta waƙa da tsakar dare, bayansu duk miki, suka kuma ƙi gudu da ƙofofin suka buɗe.

Na ga wannan da idona a asibiti. Akwai wani mutum da yake jinyar mahaifiyarsa a ɗakin da matata take, ba addininmu ɗaya ba, mun kuwa shafe makonni muna kwana a benci ɗaya a baranda. In na fita neman magani shi yake sa ido, in ya gyangyaɗa ni nake tashin sa idan an kira shi, har ya kai ga kowannenmu ya san lokacin addu'ar ɗan'uwansa yana kuma ba shi wuri. Ban taɓa yi masa wa'azi ba, gaskiya ma a lokacin ba ni da wa'azin da zan yi wa kaina. Wata rana da asuba, bayan likitoci sun riga sun gaya mana gaskiya, ya ji ta tana rera waƙa a hankali da muryar da ta kusa ƙarewa, sai ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, ka gafarce ni, ta san halin da take ciki kuwa?" Na ce ta sani. Ya ce to me take rerawa? Na yi ta in-ina, na kasa haɗa magana, sai na faɗa masa abin da ita ta faɗa mini kwana biyu kafin nan, cewa wanda take bi ya riga ta shiga inda za ta, don haka ba baƙon wuri ba ne. Ya yi shiru na wani lokaci, sannan ya ce Allah ya ba ta sauƙi. Bai canja addininsa ba, ba kuma zan ƙara wa labarin gishiri don ya yi daɗin faɗa a mimbari ba. Ya zo jana'izarta ya tsaya har aka gama, ni ma na je ta mahaifiyarsa bayan wata biyu, har yau kuma muna gaisawa. Abin da ya ji a barandar nan yana tsakaninsa da Allah.

Ta wannan hanya ce bishara ta ratsa daular Roma tun ikkilisiya ba ta da gini ko iko. Lokacin annobar da ta ɓarke wajen shekara ta 250 ta kuma daɗe tana kisa, Diyonisiyus, bishop na Iskandariya, ya rubuta yadda 'yan'uwa da yawa suka tsaya jinyar marasa lafiya, suna wanke su suna binne su, har su ma suka kamu suka mutu. Fiye da shekara ɗari bayan haka, wajen 362, sarki Yuliyan, wanda ya bar bangaskiya yana ƙoƙarin farfaɗo da bautar gumakan Roma, ya koka a wata wasiƙa cewa Galilawan nan, kamar yadda yake kiran Kirista, suna ciyar da matalautansu har da na waɗanda ba nasu ba. Abokin gaba ne ya ba da wannan shaida, shi ya sa ta fi ƙarfi.

Sai dai a nan akwai tarkon da nake so in ja kunnenmu a kansa, domin na ga an faɗa cikinsa. Wahalar mutum ba ƙofa ce da za mu yi amfani da ita mu shige masa ba. Idan muka kai taimako ga marar lafiya ko gwauruwa ko wanda ya rasa matsuguni, muka sa sauraron wa'azi ya zama kuɗin shiga, ko muka jera su muka ɗauki hotonsu suna riƙe da abin da muka ba su domin a sa a Facebook, to mun karɓi ladanmu, mun kuma ƙwace musu ɗan mutuncin da ya rage. Mai bukata yana gane bambancin wanda ya zo dominsa da wanda ya zo domin ƙidayar tubabbu, ko da bai faɗa ba. Yaƙub ya yi gargaɗi a kan wanda zai sallami mayunwaci da addu'a ba tare da ya ba shi komai ba, ina kuma ganin wanda ya ba shi abin amma ya ɗaura masa igiya bai yi nisa da na farkon ba. A ba da taimakon a sake shi, a koma a watan Fabrairu lokacin da babu biki babu mai ɗaukar hoto, in tambaya ta zo a amsa da gaskiya da ladabi, in ba ta zo ba a ci gaba da zuwa.

Abin da nake roƙo a sujadar bana ba mai yawa ba ne, ba kuma ina cewa a kashe kiɗa ko a hana yara rawarsu ba, domin mala'iku ma albishir na farin ciki mai yawa suka kawo, masu makoki kuma suna bukatar jin sa fiye da kowa. Ina roƙo dai a karanta Matiyu sura ta 2 har zuwa aya ta 18. A cikin addu'ar jama'a a ambaci waɗanda suka riga mu cikin shekarar da sunayensu, in iyalansu sun yarda, a kuma bar ɗan shiru bayan haka ba tare da mai jagora ya ji tsoron shirun ya cike shi da barkwanci ba. A faɗa daga mimbari, a fili, cewa wanda ya zo da hawaye ya zo wurin da ya dace. Ku zauna tun yanzu da littafin membobi ku fitar da gidajen da aka yi rashi, da na marasa lafiya, da na waɗanda suka daina zuwa ba a san dalili ba, a raba su tsakanin dattawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma zumunta a ƙafa take.

A wancan Kirsimeti, bayan an tashi jama'a suna ta gaishe-gaishe, wata tsohuwa da ta yi shekaru da rasa mijinta ta taso daga kujerarta da sandarta ta zauna kusa da mu. Ba ta karanta mana aya ba. Ta kira sunan matata, wanda tun bayan jana'iza kowa yake kauce wa furtawa a gabana, ta ce, "Ɗana, ni ma yau ina ta duban wurin zamanta." Ta jawo 'yata jikinta, suka yi kukansu tare har majami'a ta kusa zama wayam. Washegari da safe sai ga ta a ƙofar gidanmu, ta ce ta zo ta taya yaran wanki ne, ta kuma yi ta zuwa kowane mako har bayan Ista.

Amsar da na ba 'yata a hanya ranar nan ba ta gamsar da ni ba, domin cewa kawai na yi a'a, ba zai yi fushi ba. Da dare ne na buɗe mata Matiyu na karanta mata labarin Rahila, ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni me ya sa ba a taɓa karanta wannan wurin a coci ba. Bana shekarunta 12, ta kuma shiga ƙungiyar mawaƙa ta yara. Za mu zo da wuri, in Ubangiji ya yarda, ni da ƙaninta za mu zauna a layin baya kusa da Mama mai sanda.

Naku cikin Almasihu,
Wani ɗan'uwa daga cikin masu sauraro